'Yar Kamaru ko 'yar Nikaragwa: wace tarantula ce za ta iya zaman ɗaki a Zariya?

Ƙanena, ka ce mai sayarwa ya ajiye maka tarantula biyu ka zaɓi ɗaya: ja ta ƙasar Kamaru, wadda masana ke kira Hysterocrates gigas, da mai murɗaɗɗen gashi ta Nikaragwa da Kosta Rika, wato Tliltocatl albopilosus. Ɗaki ɗaya gare ka a Samaru, ba ka taɓa kiwon irin wannan ƙaton gizo-gizo ba, kana son sanin wadda ta fi sauƙin riƙo da irin akwatin da kowacce ke so. Ni dai 'yar Nikaragwa zan ce ka ɗauka. Amma bari in jera maka su, ka ga dalilin da idonka.

Babban abin da ya raba su yana ƙarƙashin ƙasa. 'Yar Kamaru mahaƙiya ce ta gidi. A dajinsu mai yawan ruwan sama rami take tonawa mai zurfi, ta shafe bangonsa da yana, ta yi ɗaki a can ƙarshe, kusan duk rayuwarta a nan take yi. Da dare ne take hawowa ta tsaya a bakin ramin, ƙafafun gaba a waje, tana jiran motsi. Idanunta takwas ne amma ba su da wani ƙarfin kirki. Girgizar ƙasa da ta yanar ce ke gaya mata ga gyare nan tafe. Idan ka zuba mata sabuwar ƙasa, da safe za ka tarar da tsibi a kusurwar akwati, ƙananan curi-curi da ta ɗauko da bakinta ta zubar, wani lokacin ma ta binne kwanon ruwanta gaba ɗaya. Daga nan kuma sai ka yi wata ba ka ga komai ba sai baƙin rami da ƙafa biyu.

'Yar Nikaragwa ita ma tana haƙa, musamman tana ƙarama. 'Ya'yanta kan nutse cikin ƙasa ka rantse akwatin babu kowa. Amma in ta girma yawanci takan wadatu da maɓoyar da ta tarar, ta ɗan ƙara mata zurfi, ta fito ta zauna a fili. Wanda ya kashe kuɗinsa don ya riƙa ganin abin da yake kiwo, wannan kaɗai ya ishe shi yanke shawara.

Ramin nan ba kunya ce ke sa su yin sa ba. Tarantula da wasu ƙananan huhu guda huɗu take numfashi, a ƙasan cikinta, masu zubin shafukan littafi, kuma busasshiyar iska na zuƙe mata ruwan jiki ta nan. Cikin rami akwai danshi, zafi da sanyi ba sa hawa da sauka kamar na waje, kamar dai yadda soron ƙasa na cikin birnin Zazzau ke riƙe sanyinsa tsakar rana a watan Afrilu alhali ɗakin kwano ya zama tanda. Ƙari kuma, tsuntsu da ƙadangare da rina ba sa samun ta da sauƙi. Saboda haka zurfin ƙasar da ka zuba shi ne rabin kulawar, ba ado ba ne.

'Yar Kamaru in ta cika girma faɗinta daga ƙafa zuwa ƙafa na kaiwa santimita 18 zuwa 20. Tana son ƙasa mai zurfin santimita 25 zuwa 30, in ta fi haka ma ba laifi. Akwatinta dogo ne a tsaye, amma kusan duk tsawon ƙasa ce ta cike shi. 'Yar Nikaragwa ba ta cika wuce santimita 14 ko 15 ba; ƙasa mai zurfin santimita 10 zuwa 12 ta ishe ta, a akwati mai faɗi kamar ninki uku na faɗinta, da rabin ƙaramin kasko a kife ko ɓawon itace ya zama maɓoya. Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai, kuma nan masu fara kiwo ke yin asara: tazarar da ke tsakanin saman ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin dabbar sau ɗaya da rabi. Dukkansu suna hawa bango da dare, cikinsu kuma jaka ce mai taushi. Faɗuwa daga tsayin da kai ba za ka ɗauke shi komai ba na iya fasa shi, in ya fashe kuwa da wuya ta tashi. Kada ka rufe da ragar sauro ta ƙarfe, faratansu na maƙalewa a ciki. Robar ajiye kaya mai garai-garai irin ta kasuwar Sabon Gari ta wadatar. Ka zafafa ƙusa ka huda ƙananan ramuka jere a gefe biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, murfin kuma ya zama mai kamawa, don suna da ƙarfin ɗaga wanda aka ɗora kawai.

Ita ƙasar, kada ka ɗebo ta daga gona ko lambu. Taki da maganin feshi da ke cikinta ba ka ganin su, amma ita za ta kwana a kansu. Yashi zalla rushewa yake yi, yumɓu zalla kuma in ya bushe sai ya tsattsage ya yi tauri. Abin da ke aiki shi ne baƙar ƙasa mai tsabta a gauraya da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa irin na masu renon furanni, da ɗan yumɓu kaɗan don ya riƙe bangon rami. Ka damƙa a tafin hannu: in ta cure ba ta ɗigar da ruwa ba, ta yi. Ga 'yar Kamaru sai ka daddanna ta sosai, hawa-hawa, don ramin kada ya rufta mata. Akwai dabara a nan: ka fara mata ɗan rami da yatsa a jikin bangon roba, ka lulluɓe wajen da kwali ya yi duhu. Sau da yawa sai ta bi bangon ta haƙa, kai kuma in kana son leƙe sai ka ɗaga kwalin. Ba kullum take yarda ba. Wata sai ta shafe bangon da yana ta rufe maka tagar.

Yanzu ga inda Zariya ta shigo maganar. Shekararmu kashi uku ce, kowanne da fitinarsa, kuma 'yar Kamaru ce ta fi jin jiki a biyu daga ciki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da komai. Akwatin da ka jiƙa yau, jibi samansa ya zama gari. Ita kuwa daga daji mai laima ta fito, dole ƙasan akwatinta ya zauna da danshi koyaushe. Fesa ruwa a sama aikin banza ne, kafin ka juya ya bushe. Ta kusurwa ɗaya za ka riƙa tsiyaya ruwa a hankali ya gangara ƙasa, ka duba ta jikin roba ka ga rabin ƙasa ya yi duhu, saman ya zauna a bushe. Tana kuma son babban kwanon ruwa, don tana daga cikin tarantulolin da aka sani da shiga ruwa har su nutse su daɗe. 'Yar Nikaragwa ƙaramin kwano mai cike kullum, da kusurwa ɗaya mai ɗan danshi, sun ishe ta wuce hunturu lafiya.

Da bazara zafi kan haura digiri 38, su kuma tsakanin 24 da 28 suka fi so. Nan kam zurfin ƙasa ya ba 'yar Kamaru rata, sai ta sauka can ƙasa ta lafe. Ta Nikaragwa kai ne za ka taimaka mata: akwati ya sauka ƙasa-ƙasa a ɓangaren ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Hasken rana kai tsaye a kan rufaffiyar roba na iya kashe kowaccensu cikin ɗan lokaci. Da damina kuma, musamman Agusta, funfuna ce abokiyar gaba, kuma akwatin da ya fi danshi shi ya fi kamuwa. Ka rage ruwa, ka ƙara hudar iska, ka riƙa cire ragowar abinci da dogon hantsaki. A akwatin 'yar Nikaragwa kana ganin ragowar ka ɗauke; ta Kamaru wani lokacin a can ƙasan rami take barin ta.

Akwai abin da ya fi yanayi haɗari a ɗakunanmu: maganin sauro. Fiya-fiya, na feshi, na kunnawa, duk abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe tarantula. In a ɗakinka ba a barci sai an fesa, ko ka koma gidan sauro ko ka haƙura da kiwon. Haka ma kyankyason da ka kama a bayan gida ko farar da aka kamo daga gonar da aka yi wa feshi, guba ce za ka miƙa mata da hannunka. Ka yi kiwon gyare ko kyankyaso a wata roba daban. In babba ce, gyare biyu ko uku a mako, ko ma duk mako biyu, sun ishe ta. Abin da ba ta ci ba zuwa washegari ka cire. Cinnaka da kiyashi kuma suna iya yi mata taron dangi, don haka ka shafa basilin a ƙafafun teburin.

Ranar da za ta fi tayar maka da hankali ita ce ranar da ta daina ci, ta toshe bakin maɓoyarta da ƙasa da yana. Saɓa za ta yi. Kada ka tona. Makonni na iya wucewa, ga babba har watanni. A wajen 'yar Nikaragwa akwai alamar da za ka gani tun kafin nan: sanƙon da ke bayan cikinta sai ya yi baƙi yana sheƙi. Wataƙila ma ka gan ta kwance rigingine a kan tabarmar yana, ƙafafu sama, ka ce ta mutu. Ba ta mutu ba, tsohuwar fata take zarewa, taɓa ta a lokacin na iya nakasa ta. Alamar mutuwa daban ce: tana kife, ƙafafu sun naɗe zuwa ƙarƙashin jiki, domin matsin ruwan jiki ne ke miƙe ƙafar gizo-gizo, in ruwan ya yi ƙasa sai su lanƙwashe. Bayan saɓa fiƙoƙinta fari ne masu taushi, sai sun koma baƙi ake ba ta abinci, ga babba kamar mako ɗaya zuwa biyu. 'Yar Kamaru duk wannan a ƙarƙashin ƙasa take yin sa, ba abin da za ka gani sai ranar da ta wurgo tsohuwar fatar waje. Sabon mai kiwo da wuya ya jure wannan jiran, shi ya sa da yawa ke tona ramin su yi ɓarna.

Sai hali. Tarantulolin nahiyar Amurka irin 'yar Nikaragwa makaminsu na farko gashin bayan ciki ne, suna karkaɗo shi da ƙafa. Yana sa ƙaiƙayi, in ya shiga ido kuwa sai likita, don haka kada ka kai fuskarka bakin akwati. Dafinta mai sauƙi ne, tafiyarta a hankali. Na Afirka ba su da wannan gashin, sai gudu da cizo. 'Yar Kamaru in ta ji an takura mata takan miƙe ta ɗaga ƙafafun gaba, ta buɗe fiƙoƙi, har wani huci take fitarwa ta hanyar goga gashin gaɓoɓinta. Ba a san tarantula da kashe mutum ba, amma cizon na Afirka na kawo zugi mai tsanani da ɗaurewar jijiya, wanda zai iya kai ka asibiti. Ka tuna ranar sauya mata akwati za ta zo, kuma kai ne za ka fito da ita daga rami mai zurfi, a ɗakin da ke da ƙarƙashin gado da 'yan'uwa masu shigowa ba sallama. Ko mai sanyin halin ma ban ba ka shawarar ɗora ta a hannu ba. Ba ta san ka ba, ba ta kuma jin daɗin hakan.

Ba a fafe gora ranar tafiya: ka haɗa akwatin mako guda kafin ka karɓo ta, ƙasa ta zauna, gyarenka su fara yawa. Wajen mai sayarwa ka tambayi ko mace ce, ya nuna maka tsohuwar fatar saɓarta in yana da ita, don da ita ake tantancewa. Macen 'yar Nikaragwa na iya haura shekara 15, namiji kuwa in ya balaga shekara ɗaya ko biyu suka rage masa, kuma yawon neman mace zai yi ta yi a jikin bango. Ka tambaye shi kuma ko a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe ta, domin jinsin 'yar Nikaragwa na cikin waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda.