Jama'ar Gusau, a kula da mai cewa "bod ɗinka ya ƙone"

Akwai wani mutum da ke tallar kayan kwamfuta na hannu a Facebook da zaurukan WhatsApp na garin nan, yana cewa in ka saya a wurinsa zai haɗa maka kyauta. Ba zan kama sunansa ba, amma ga yadda ya ci kuɗina, don kada wani ya sake faɗawa.

Ina da ɗan shagon buga takardu. Na tara kuɗi na sayi madabod (wato bod, babban allon da ake jona sauran kayan kwamfuta a jikinsa) da fawa-fak mai ba shi wuta da akwati a hannunsa, ya haɗa, na kai shago. Kibod da firinta da na jona a baya suna aiki lafiya, amma duk filash ɗin da aka soka a ramukan gaba shiru. Aikinmu kuwa filash ne, ɗalibi ya miƙo, ka buga masa. Na koma wurinsa. Ya buɗe akwatin ya juya mini bayansa, ya kai hanci ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Alhaji, ai janaretanka ya ƙona bod ɗin. Ka bar mini wannan, ka yi ciko in sa maka wani."

Na yi cikon, har da godiya.

Bayan sati uku na je wurin wani abokin sana'a a Tudun Wada, na tarar an buɗe tasa kwamfutar ana kaɗe ƙura. A kan ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin bod ɗin sai ga harafin da na rubuta da alƙalamin maka tun ranar da na saya. Bod ɗina ne, wanda aka ce ya ƙone, yana ta aiki. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Ɗan yayana da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda shi ya zaunar da ni ya nuna mini. Wuta tana shiga bod ta babban fulogi mai haƙora 24, sai wani mai 8 kusa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), wanda ke rabuwa huɗu-huɗu. Ramukan USB na baya a jikin bod ɗin aka like su, daga nan suke shan bolt 5 ɗinsu. Na gaba kuwa a jikin akwati suke, ba su da wuta ko kaɗan sai an jawo wayarsu an soka a mazauninta da ke kan bod. Na USB 2.0 haƙora 9 ne, za ka ga an rubuta USB ko F_USB a gefensa. Na USB 3.0 haƙora 19, galibi shuɗi. Mai tallar nan wayar kawai ya ƙi sokawa, ya cusa ta ƙarƙashin sauran wayoyi.

Mazaunin sauti na gaba shi ma haƙora 9 gare shi, sai dai giɓinsa, wato inda babu haƙori, ba wuri ɗaya yake da na USB ba, don haka in fulogi ya ƙi shiga kada a danna da ƙarfi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mazaunin 1394, wata irin mahaɗa daban da USB, da ke kan wasu tsofaffin bod, irin waɗanda suka cika kasuwarmu: kamarsu ɗaya da na USB, amma bolt 12 yake bayarwa. Aka soka wayar a can, filash ɗin mutane ne zai ƙone da gaske.

Saboda haka in na baya suna aiki na gaba ba sa yi, a fara duba waya. Ka sa a buɗe a gaban idonka, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin bod ɗinka, kuma kada ka bar shi a hannun wanda ya ce ya mutu. In dai ya mutu, me zai yi da shi?

Zuwa yanzu mu uku ne muka gano juna, kuma abokina ya yarda a kai tasa kwamfutar gaban shugabannin kasuwa a matsayin shaida. Duk wanda aka taɓa karɓar masa bod da wannan zance, ya je ya duba wayar nan tukuna.