Ɗakin shan hantsi a Bradford

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya. Na ga saƙonka a kan hoton ɗakin gilashin da na turo, har kana cewa in aiko maka da awonsa a yi irinsa a ginin da kake yi a Kano. Ka dakata tukuna ka ji yadda abin yake.

Ba mu muka gina shi ba, da shi muka sayi gidan. Turawa na kiransa konsabatori, mu kuwa ɗakin shan hantsi muke ce masa, don aikinsa ke nan. An jingina shi da gidan ta wajen lambu, bulo zuwa gwiwa, daga nan sama gilashi zalla. A watan Disamba a nan Bradford ta ƙasar Ingila, kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, yara na shigowa daga makaranta ana shirin magariba, kuma sai a yi mako gajimare bai yaye ba. Mai irin wannan rayuwa, in rana ta leƙo, so yake ya tare ta ba tare da iska ta kaɗa shi ba. Sai dai likita ta gaya wa maiɗakina cewa ranar da ta ratso gilashi ba ta sa jiki ya samar da bitamin D, dole dai a sha ƙwayarsa, musamman mu baƙar fata.

Rufin da muka tarar na roba ne mai haske. In ruwa ya sauko, kamar kwanon gidanmu a watan Agusta, ba ka jin maganar na kusa da kai. Da hunturu gilashin ya yi ta zufa, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a kusurwoyi. A watan Yulin 2022 kuwa, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko, maiɗakina ta manta kwalbar man kaɗanya a kan taga, ta tarar da shi ya koma ruwa tsululu. To wannan zafin Kano ke gani kusan duk watan Afrilu.

Da muka yanke shawarar sauya rufin da mai kauri, kamfani uku na kira. Kowanne ya zo ya auna kyauta, ya rubuto farashi dalla-dalla. Kada ka ɗauka ba a ciniki a nan. Na farkon ya yanka kuɗi, da ya ga na yi shiru sai ya buga wa ogansa waya a gabana, ya zabge kuɗin sosai, wai in dai zan sa hannu a ranar. Wannan gaggawar ce ta sa na ƙi shi. Wanda na ɗauka ya karɓi kafin alƙalami, ya sa rana, ya ɗaga har sau biyu, muka kwashe wata biyu kujeru na jibge a falo. Abin ya ƙona min rai ƙwarai. A gida ka shiga Ƙofar Ruwa da safe ka sayi kaya, gobe kafinta yana kan tsani. A nan kaya ba su da wuyar samu, mai aikin hannu ne ke da tsada da wuyar kamawa.

Amma da suka zo, gaskiya sun yi aiki. Kwana uku suka gama, suka kwashe sharar da kansu, suka ba ni takardar garanti ta shekara 10. Gilashin da suka sa falle biyu ne da iskar argon a tsakani, shi ya tsayar da zufar.

Akwai kuma doka. A mafi yawan gidajen da ke jere manne da juna, kana iya ƙara gini mita 3 ta baya ba sai ka nemi izini ba, mita 4 in gidan a ware yake. Ɗakin gilashin da bai kai murabba'in mita 30 ba, mai ƙofa tsakaninsa da gida da na'urar ɗumama ta daban, ba ruwan masu duba gini da shi. Da muka sa rufi mai nauyi kuwa, sai da aka duba ko ginshiƙan za su ɗauka, aka ba mu takardar shaida, wadda lauyan mai saye zai nema duk ranar da muka tashi sayar da gidan.

Shawarata, Yaya, kuɗin gilashin nan ka zuba su a baranda mai faɗi da rufi mai tsawo da silin, ka dasa darbejiya biyu ta yamma. Ɗakin gilashi a Kano, ga zafi, ga ƙurar hunturu da za a yi ta gogewa, ga kuɗin wutar sanyaya shi. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne takardar yarjejeniya. Zan turo maka hoton tawa, ka zauna da magininka ku rubuta irinta: kaya kaza, kuɗi kaza, biya kashi-kashi, ranar gamawa kaza. A gaida min Hajiya, a ce mata in Allah ya kawo ta, a ɗakin nan za ta riƙa yin walaha.