Shagon zaren da ya mayar da ni ga ɗinkin hula

Shekara 19 na yi rabona da allurar ɗinkin hula, tun bayan rasuwar kakata a Daura, wadda a gabanta na koyi zura zare da bin zane a tsakar gida bayan la'asar. Aikin koyarwa da hidimar yara suka cinye lokacin. A bara ne na yi niyyar ɗinka wa maigidana hula da hannuna, kuma wannan niyyar ce ta kai ni wani ƙaramin shago a layin masu zare cikin Babbar Kasuwar Katsina, wanda yanzu na yi wata 10 ina saye a cikinsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda mai shagon, dattijo mai haƙuri, ya karɓe ni. Mafi yawan masu ciniki da shi dillalai ne da ke saye da katan su rarraba wa mata masu ɗinkin ƙwadago a unguwanni, ni kuwa ƙulli huɗu kawai na je nema. Duk da haka ya ce, "Malama, zauna tukuna, ta sayarwa za ki yi ko ta gida?" Da na ce ta gida ce, sai ya ture zaren da ya fara ɗaukowa, ya jawo wani daga can ƙasan kanta, ya ce wanda zai yi wata uku a kan hula ɗaya bai kamata ya yi tsimi a kan zare ba. Ya nuna mini zaren Anchor mai sili shida, wanda ake rabawa gwargwadon kaurin da ake so, sannan ya ajiye mai sauƙin kuɗi kusa da shi domin in taɓa in ji bambancin da yatsuna. Na farkon yana da santsi kuma ba ya yin gashi idan ya ratsa yadi sau da yawa, na biyun kuwa tun a hannu ake jin kaushinsa.

Ba zare kaɗai ake samu a wurin ba. Akwai allurai masu ƙaramar kafa da masu babba, akwai alawayyo yankakke daidai jikin hula da samanta, kuma akwai wani matashi a bakin shagon da ke zana hula da biro da rula. Ya san salon zanna bukar da damanga da tangaran, kuma da na kwatanta masa wani tsohon zane da kakata take yi, wanda ba na tuna sunansa, ya saurare ni a natse, ya gwada sau biyu a kan takarda kafin ya sa a yadi. Da na ga zanen ya fito, sai da hawaye ya cika mini ido a tsakiyar kasuwa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya wajaba in faɗa. Shagon ba shi da wadataccen haske, saboda haka launin da aka zaɓa a ciki yakan sauya idan an fito rana. Sau ɗaya na sayi abin da na ɗauka shuɗi ne mai duhu, na iso gida na tarar ya karkata zuwa ruwan toka. Na biyu ya fi ciwo. Wani jan zare da na ƙara daga cikin masu araha ya zuba a wankin farko, ya ɓata farin da ke kewaye da shi, aikin sati biyu ya tafi a banza. Mai shagon ya ba ni haƙuri ya musanya mini, amma da ya fi kyau a ce tun farko ya ware mai zuba daga wanda ba ya zuba. Yanzu duk zaren da na sayo sai na jiƙa guntunsa a ruwan sabulu, na goga a farin ƙyalle, kafin ya shiga allura. Farashi kuwa ya tashi ƙwarai tun daga 2023, lokacin da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, domin zaren kirki daga waje yake zuwa, amma na zagaya layin ban ga inda ya fi nan sauƙi ba.

Hular farko ta ɗauke ni wata huɗu, ina yi bayan isha'i idan na gama duba littattafan ɗalibai. A wannan sa'ar hankalina ba ya zuwa ko'ina sai kan ɗinki na gaba, kuma nakan kwanta da nutsuwar da na daɗe ban samu ba. Maigidan ya sa ta ranar Hawan Sallah, layinta ɗaya ya ɗan karkace ta baya, ya kuma hana ni warwarewa. Yanzu 'yata mai shekara 11 ta fara zama kusa da ni da nata guntun yadin, kuma ranar Asabar tare za mu koma shagon ta zaɓi launinta da kanta, a bakin ƙofa inda rana take.