Shagon hoton da ya haɗa mana albam ɗin Baba

Mutane da yawa da suka zo addu'ar arba'in ɗin Baba sun ta tambayata ina muka yi albam ɗin nan, to bari in faɗa a nan gaba ɗaya. Wani ɗan shago ne a Jos, wajen Taminus, in ka biyo Ahmadu Bello Way, ba shi da wani girma, kwamfuta biyu ne da firinta da wani yaro mai haƙurin tsiya.

Baba Allah ya jiƙansa shekara biyu da rabi yana fama da kansar hanta, kuma abin da ba wanda yake gaya maka game da doguwar jinya shi ne tana goge maka mutumin. Wallahi bayan rasuwarsa ko na rufe ido ba abin da nake gani sai ramammen tsoho a kan katifa, cikinsa a kumbure, ana ba shi kunu da cokali. Alhali wannan mutumin ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya amma ƙafarsa ta ƙi yin ritaya, ran Asabar in ka neme shi a gida ka ɓata lokacinka.

Hajiya ce ta fito da wata tsohuwar jaka cike da hotuna, wasu sun manne da juna saboda damina, wasu sun yi ja. Na kwasa na kai musu, guda ɗari da 'yan kai.

Ni na ce a jera su shekara bayan shekara. Yaron ya ɗan dudduba ya ce, "Yallabai, Baban nan naku ai ɗan daji ne, me zai hana mu jera shi wuri-wuri?" Na so in yi gardama, amma gaskiyarsa ce. Sai ga shafukan dutsen Shere a haɗe, tun yana saurayi da wando fantalo har zuwa lokacin da furfura ta cika masa gemu, duk a kan dutse ɗaya, dutsen da ya kai mita 1,829 kuma Baba yana hawansa da silifas ɗin roba da gorar ruwa kamar mai zuwa masallacin unguwa. Sai Yankari, yana cikin ruwan Wikki har wuya, shi da kullum yake mana bayani cewa ruwan nan ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, mun ji har mun haddace. Sai magangarar ruwan Assop wajen Hawan Kibo, sai dutsen Wase da yake zuwa kallon tsuntsaye, sai hotuna biyu na magangarar ruwan Kurra. Na gida da na biki suka koma ƙarshe, kuma ba su da yawa ma, abin ya ba mu dariya.

Inda suka ɓata min rai shi ne gyaran fuska. Samfur na farko da suka turo min ta WhatsApp sun goge Baba tas, sun haska shi, sun share tabon da ke gefen girarsa wanda reshe ya yi masa tun kafin a haife ni, ya koma kamar ɗan takara a fosta. Na koma na ce Malam wannan ba ubana ba ne, a mayar masa da tabonsa da baƙinsa na rana. Bai yi musu ba, ya ba da haƙuri ya sake, amma sai da hakan ya ci mana kwana huɗu, ga wuta da ake ɗaukewa, saura kaɗan mu rasa ranar addu'ar. Don haka duk mai zuwa ya faɗa musu tun farko: tsagewa da tabon ruwa kawai za a gyara, kar a taɓa fuska.

Takardar mai kauri ce, ɗinkin kuma ya riƙe, yara sun wuni suna finciko shi bai saki ba. Kuɗin ya ɗan yi sama gaskiya, amma sun haɗa mana da duk hotunan a filashi, kuma sun dawo da na asali cif, na ƙirga.

Hotunan asibiti kuwa ko ɗaya ban kai ba. Ƙanwata ta so a sa guda, Hajiya ta ce a'a. Kawu kuma dama ba ya son harkar hoto, ya ce kar a rataya a bango, muka ce albam ne Kawu, a durowa zai zauna. Ranar addu'a shi ya fi kowa daɗewa a kan shafin Wase, ashe shi ya ɗauki hoton.