Shayarwa bayan CS da bayan haihuwa da kai, ina suka bambanta?

'Yar uwa da ta yi tambaya jiya da daddare, kin ce biyu kika haifa da kanki, na ukun nan likita ya ce CS za a yi, wato aikin ciro yaro ta ciki, don yaron a gicciye yake, kuma ana ta tsorata ki wai mai CS nononta ba ya zuwa. Ni na ɗanɗana duka biyun, ta fari da kaina, na biyu aiki aka min, bari in jera miki su kamar yadda na gani.

Ta wajen nonon kansa wlh babu bambanci. Abin da ke sa nono ya kawo shi ne fitar mabiyiya daga jiki, ko ta ƙasa ta fita ko likita ya ciro ta duk ɗaya ne. Dakashi kuma tun kina da ciki yana nan. Mai haihuwa da kanta nono mai yawa kan zo mata kwana 2 zuwa 3, mai aiki wani lokaci ya ƙara kwana ɗaya saboda jinin da ta zubar da wahala da jinkirin sa yaro, ni sai rana ta huɗu ya cika. Kwanakin nan ne ake karya wa mace gwiwa ana cewa yaro zai mutu da yunwa, alhali ranar farko cikinsa abin da yake ɗauka a sha ɗaya bai fi cokalin shayi ba, dakashin nan da wasu ke cewa a matse a zubar ya ishe shi kuma shi ne rigakafinsa na farko.

Inda suka rabu sosai awar farko ce. Da kika haihu da kanki ana goge yaro aka miƙo miki, ke kika ɗauka. A CS sai wani ya ɗauko miki, kuma ya danganta da allurar da aka yi. In ta ƙashin baya ce idonki biyu, za ki ji kukansa, daga ciki zuwa ƙafafu ne za su mutu na wasu awanni, to ki roƙa tun a awo cewa in komai lafiya a ɗora miki shi a ƙirji fata da fata da wuri. In maganin barci ne sai kin farfaɗo, ke a gigice shi ma da ɗan barci-barci, kuma a wannan tsakanin ne dangi saboda tausayi suke ɗura masa ruwan sikari ko madarar gwangwani. Don haka ki zauna da Mama ko duk wadda za ta yi jinyarki tun yanzu, da maigidan ma, ki ce kar a ba shi komai sai in likita ne ya ce. Wannan zaman ya fi min duk kayan da na sa a jaka amfani.

Riƙon yaro ma ya canza. Da can tanƙwashe ƙafa kike ki ɗora shi a cinya, yanzu wurin nan ɗinki ne, ga ƙarin ruwa a hannu ga robar fitsari. Ranar farko ina kwance rigingine aka kwantar min da shi a ƙirji ƙanwata na tallafe. Da na fara zama sai na sa filo a gefena na saƙalo shi ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa suna bayana, wannan riƙon kina ganin bakinsa sosai ki tabbatar ya kama har da baƙin ba kan kawai ba. Da daddare kuma kwanciyar gefe, filo tsakanin gwiwoyi, amma a samu mai ido biyu kusa don magani na sa barci. Ki tafi da filo biyu daga gida.

Maganin ciwo kar ki ƙi sha wai don nono, ciwon shi ke hana nonon sakowa. Paracetamol da ibuprofen ana ba mai shayarwa, codeine da tramadol ne ake gudu, ki dai gaya musu kina shayarwa. Murɗawar mara in yana tsotso kuwa duka biyun akwai, a na uku ma ta fi.

Sai jego. Wankan tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya kar a fyaɗa miki a kan ɗinki, ki bari likita ya duba ya ce ya warke. Kunu ki sha ki ƙoshi amma a rage kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da wankan zafi da ciwon zuciyar masu jego.

Ki riƙa sa shi sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, in ya yi barci da yawa ki tashe shi. Daga rana ta biyar in yana jiƙa famfas shida a kwana ɗaya, to yana samun nono isasshe. In kuma an kai shi ɗakin jarirai, ki fara tatsa da hannu a ranar, duk bayan awa uku, ko ɗigo-ɗigo ne a kai masa a sirinji. Allah ya sauke ki lafiya, ki faɗa mana wace allura suka ce za su yi miki.