Gahawar Habasha da kafen tashar Tawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Tawa da Yamai. Daga Addis Ababa nake gaishe ku, inda sanyin damina ke shiga har ɓargo, don garin yana bisa tudu sama da mita 2,300.

Abin da ya tsaya mini a rai a nan shi ne mace mai sayar da gahawa a bakin titi, da 'yan kujerunta da kaskon gawayi, tana toya ɗanyun 'ya'yan gahawa a gaban mai saye. Ba gari a gwangwani, ba leda. Idan sun toyu sai ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin kafin ta daka. Mu kuwa abin da muke kira kafe, cokali ɗaya ne na gari mai narkewa, sukari cokali huɗu, a juya tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa, direba ya kwankwaɗe a tsaye.

Habashawa suna kiran gahawa buna, kuma a tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar, wajen Kaffa, ne asalin irin arabika. Daga nan ta tsallaka Yaman, inda sufaye suka riƙa shan ta don tsayuwar dare tun ƙarni na 15. Kusan rabin abin da Habasha ke nomawa a gida ake shanye shi.

Ga yadda aikin yake. Ɗanyun 'ya'yan kalar kore-kore ne, ba su da ƙamshi. Sai an tsince su tukuna, don na Merkato, babbar kasuwar Addis Ababa, ba ya rasa tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi, kuma baƙi guda biyu sun isa su ɓata buta ɗaya. A wanke, a tsane, a zuba a faffaɗan kaskon ƙarfe bisa garwashi matsakaici, ana juyawa ba tsayawa wajen minti 10 zuwa 15. Za su yi rawaya, su koma ruwan ƙasa, sai a ji suna fashewa ƙas-ƙas. Daga nan ido ya kamata ya buɗe. Idan wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki ɗanye, a sha ɗaci da tsami tare. Idan suka yi baƙi wuluk suna naso da mai, gawayi za a sha. A sauke, a baza su huce, a daka a ƙaramin turmi. Kada wanda zai gwada a gida ya ɗauki turmin yaji, don gahawa na kwasar warin duk abin da ta taɓa.

Tukunyar dafawa sunanta jabana, baƙar butar yumɓu mai dogon wuya. Kimanin giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa. Idan ruwan ya yi zafi a zuba garin, da ya taso zuwa wuya a tsiyaye kaɗan a mayar, sannan a sauke. Barin ta tana tafasa kamar shayin fada shi ke kashe ƙamshin. A jingine butar minti kaɗan garin ya kwanta, a tsiyaya cikin finjali a hankali ba tare da girgizawa ba.

Zagaye uku ake sha, abol, tona da baraka, kowane ya fi na gabansa sauƙi, ga lubban na tashi, ga gugguru a faranti. Wane ɗan Adar ne zai ga wannan bai tuna shayinmu na fari, na biyu da na uku ba? A nan kewar gida ke kama mutum, don shayinsu ruwa-ruwa ne da ƙamshin kirfa, ba kumfa, ba ƙarfi, kuma ba kilishi a kusa. Sukarin ma ba su fi mu sauƙin hannu ba, sai ka yi saurin cewa a rage. A ƙauyuka wasu gishiri suke sawa, wasu man shanu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne haƙurin nan muna da shi. Matashin da zai kwashe awa biyu yana fifita gawayi saboda shayi, idan aka zo kan kafe sai ya mai da shi maganin barci kawai. Garin da muke sha yawanci daga irin robusta ne, wanda sinadarin kafeyin ɗinsa ya kusa ninka na arabika. Likitoci na cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai ciki 200, kuma rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha bayan isha'i ya ce zafi ne ya hana shi barci, ya sake tunani. Shan kafe kan abinci yana rage sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki ke tsotsa, ga mata masu ƙarancin jini cike da gidajenmu. Mafi muni shi ne masu narka ƙwayar tramol a kofin 'yan kabu-kabu da leburori. Wannan kam zalunci ne, kuma yana jawo farfaɗiya.

Gahawa ba za ta yi a ƙasar Adar ba, tana son tudu, inuwa da ruwan sama mai yawa. Amma ɗanyun 'ya'yan suna jure watanni a buhu idan ba laima, don haka wanda ya samu mai zuwa daga nan ya roƙi ɗanyen yankin Sidama ko Harar, kada ya karɓi dakakke. A toya na mako ɗaya kawai, a rufe a kwalba nesa da rana.