Sharhi: SonarQube a Kan Tsohuwar Manhajar Java

SonarQube na kamfanin SonarSource, wanda ke bin rubutun manhaja layi-layi yana zaƙulo kurakurai, yana biyan buƙata a kan tsohuwar manhaja mai girma, matuƙar ba a ce sai an gyara duk abin da aka tarar ba. Binciken farko kan zubo dubban ƙorafe-ƙorafe, ma'aikata su duba su karaya, daga nan kowa ya daina leƙa shafin.

Inda ya yi fice shi ne ma'auninsa na asali, Sonar way, wanda sabbin layuka kaɗai yake hukuntawa: gwaji ya rufe aƙalla kashi 80 cikin 100 na layukan, maimaici kada ya wuce kashi 3. Tsohon bashi, wato matsalolin da aka tarar, yana nan a rubuce, amma ba ya tsayar da aikin yau.

Wajen girkawa akwai 'yar wahala. Injin neman bayanai na Elasticsearch da ke cikinsa ba ya tashi a Linux sai an ɗaga saitin vm.max_map_count, kuma 524288 kamfanin ya ba da shawara. Rumbun bayanai na H2 da yake zuwa da shi na gwaji ne kawai, a haɗa SonarQube da rumbun PostgreSQL tun ranar farko.

Tarko mafi muni yana wajen Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli. Da tarihin kowane layi SonarQube yake gane sabo da tsoho, shi ya sa idan na'urar da ke harhaɗa manhajar ta ɗauko guntun tarihi, lissafin kan rikice. A GitHub Actions, tsarin harhaɗa manhaja na GitHub, maganinsa saitin fetch-depth: 0. Haka kuma wanda ya bi dukkan fayiloli ya daidaita musu tsarin rubutu a tashi ɗaya ya mayar da tsofaffin layuka sababbi, ma'aunin ya faɗi ba gaira ba dalili. A yi wannan sharar tukuna, sannan a kafa iyakar sabon aiki.

SonarQube ba ya auna gwaji da kansa. Rahoton XML na JaCoCo, manhajar auna gwaji a Java, yake karantawa, in bai same shi ba sifili zai nuna. Fayilolin da inji ya samar kuwa a cire su da saitin sonar.exclusions, in ba haka ba su cika rahoton da hayaniya.

Babban gibin nau'in kyauta: babban reshe na Git, inda ake haɗe aikin kowa, kaɗai yake bincikawa. Sai an riga an haɗe aiki kuskure ke bayyana, ihu bayan hari ke nan. Ƙungiyar da ke son a tare matsala tun kafin haɗewa sai ta biya kuɗin nau'in Developer Edition.